Waƙar da kowa ya sani a cikin fim ɗin ban tsoro

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu matasa ne a Gusau, muna haɗa gajeren fim na ban tsoro don YouTube. Mun ɗora wata waƙar soyayya da ake yayi a daidai inda fatalwa take fitowa, kamar yadda Turawa suke yi, amma waɗanda muka nuna wa sai suka fashe da dariya. Ina muka kuskure?
Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Gusau

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Kuskuren shi ne waƙar ta faɗo daga sama. Mai kallo bai san daga ina take fitowa ba, sai ya ɗauka edita ne ya sa masa ita.

Dubi fim ɗin Us na Jordan Peele, na 2019. Waƙar "I Got 5 on It" ta 1995 ana fara jin ta ne a cikin mota, iyali suna tafiya suna raha. Sai can ƙarshe ta dawo a hankali, an canza mata kayan kiɗa, lokacin da ake faɗan mutuwa. Tsoron yana zuwa ne daga abin da ka saba da shi ya juye maka. Don haka ku fara shuka waƙar lafiya lau a mintunan farko, kuma a ga tushenta: rediyon mai shayi, ko wayar yarinyar gidan tana ringin a kan tabarma. Idan ta dawo tsakar dare, a ɗakin da wayar take a kashe, aiki ya yi.

Wajen dawowar, a ɓata ta kaɗan kawai. A Audacity, manhajar gyaran sauti da ake samu kyauta, ku rage saurinta da kashi 12 zuwa 18 cikin 100, muryar za ta yi kauri da kanta. In kun rage saurin fiye da kima kalmomin za su dagule, ba wanda zai gane waƙar, dabarar ta mutu ke nan. Ku yanke sautin da ke ƙasa da 300 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantakar sauti ne) da wanda ke sama da 3,500 Hz don ta yi kama da tsohuwar rediyo, ku ƙara amsa-kuwwa 'yar kaɗan. Kafin ta shigo a bar daƙiƙa 3 ko 4 na shiru, sai kukan gyare. Baiti ɗaya ya isa, kuma a datse shi a tsakiyar kalma. A ƙarshe ku saurara a lasifikar ƙaramar waya, domin da ita yawancin mutane za su kalla, kuma gurnanin nan mai zurfi da editoci suke so ba ya fita a cikinta.

Sai zancen haƙƙin mallaka. Waƙa tana da masu haƙƙi biyu: wanda ya tsara ta, da wanda ya mallaki faifan. Ba izini a rubuce, YouTube na iya toshe bidiyon ko ya juya kuɗin talla ga mai waƙar, kuma rage sauri ba ya wanke ku. Ya fi sauƙi ku sa yara uku su rera waƙar gaɗa ko ta reno da tafi kawai, ku ɗauka da kanku. A ganinmu ma ta fi tayar da tsigar jiki.

TAMBAYA: Ko za a iya amfani da waƙoƙin fada, irin na Musa Ɗanƙwairo?
Daga wata mai karatu, Argungu

AMSA: Malama, ba mu ba da wannan shawara ba. Waƙar fada tana ɗauke da sunan basarake da kirarinsa, zuriyarsa kuma suna nan. Ɗora ta a kan gawa ko aljani cin fuska ne, haka ma waƙoƙin bege. In amon kotso kike so, ki nemi makaɗi ya buga miki zallar kiɗa na minti ɗaya, ba murya.