Ku Tambaya Mu Amsa: Mai Koriyar Fuskar Nan ta Finafinan Indiya

Tambaya: Ina yawan ganin wani ɗan rawa a finafinan Indiya, fuskarsa shar da kore, idanunsa jajir, ga ƙatuwar hula. Abin rufe fuska ne ya sa? Kuma har yanzu ana yin wasan? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, fuskarsa ce ta gaske aka yi wa kwalliya. Sunan wasan Kathakali, na jihar Kerala da ke kudancin Indiya, kuma tun ƙarni na 17 ake yin sa. Labaransa akasari daga tatsuniyoyin addinin Hindu suke. Ɗan wasan ba ya furta kalma. Mawaƙa biyu ne ke rera labarin a bayansa, makaɗa na dukan ganguna, shi kuma yana fassarawa da ido da gira da alamun hannu, waɗanda tushensu 24 ne.

Launi shi ke faɗa wa 'yan kallo ko wane ne ya fito. Kore na jarumi ne mai nagarta. In aka ratsa koren da jan zane mai kamar wuƙa, basarake ne mai girman kai da mugunta. Jan gemu kuwa na azzalumi ne.

Kwalliyar kan ci awa 3 zuwa 4. Ana niƙa wani dutse rawaya a haɗa da launi shuɗi a kwaɓa da man kwakwa, sai kore ya fito; baƙin kuma daga kunkunniyar fitila ake samo shi. Sannan ɗan wasan ya kwanta rigingine, gwani ya gina masa farin gefen nan na muƙamuƙi da ƙullun shinkafa da farar ƙasa, a yau har da takarda. Sai shafi ɗaya ya sha iska ake ɗora na gaba. In aka yi gaggawa, zufa da motsin fuska za su ɓamɓare shi ana tsakar wasa. Jan idon kuma wani ɗan ƙwayar tsiro ake sakawa a ƙarƙashin fatar ido, kada dai ki gwada a gida.

Wasan na nan da ransa. Makarantar Kerala Kalamandalam, wadda aka kafa a 1930, har yau tana horar da yara shekara da shekaru. A da kwana ake yi ana wasa a gaban babbar fitilar mai har gari ya waye, kuma a bukukuwan wuraren bauta ana yin haka har yanzu. Na masu yawon buɗe ido a birnin Kochi kam, awa ɗaya ko biyu an tashi.