Amsa ga uwar da ke son shirya ɗanta kafin ya shiga ajin SIL

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na karanta tambayarki, inda kika ce ɗanki shekararsa huɗu, Hausa kuke yi a gida, yana kwaso Fillanci wurin 'ya'yan maƙwabta, maigidanki kuma ya ce a koma Faransanci zalla a cikin gida don kada yaron ya sha wuya a makaranta, alhali ke karatunki bai yi nisa ba. Na koyar a ajin SIL, wato ajin farko na firamare, shekara 19 a nan Garwa ta ƙasar Kamaru kafin in yi ritaya, kuma na goyi 'ya'ya biyar, saboda haka zan faɗa miki abin da idona ya gani.

Shawarata ita ce kada ku bar Hausa. Yaran da suka fi saurin kama Faransanci a hannuna su ne waɗanda suka zo da bakinsu cike da magana a harshen gidansu, waɗanda za su iya ba ka labarin abin da ya faru jiya daga farko har ƙarshe, su yi tambaya, su saurari amsa. Yaron da ya riga ya san bambancin sama da ƙasa, gaba da baya, jiya da gobe, sabon suna kawai malama za ta ba shi na abin da ya sani. Wanda kuwa aka tarbiyyantar da guntun Faransanci na "zo" da "zauna" da "yi shiru", domin iyakar abin da iyaye suka iya ke nan, yakan zo aji ba shi da wadatar kalmomi a kowane harshe, kuma shi ne ya fi ba ni wahala.

Fillancin ma kada ya dame ku, yana da amfaninsa. Bahaushe yakan cakuɗa sautin p da f, har yaro ya so ya ce pain, wato burodi, sai ya ce faim, wato yunwa, aji ya fashe da dariya. Yaron da ya saba cewa puccu, sunan doki da Fillanci, bakinsa ya riga ya san wannan sauti tun kafin ya ga allon makaranta.

Ni kaina na yi kuskure a kan ɗana na fari. Don ina malama, tun yana shekara uku na ɗora masa rubutu, ina riƙe hannunsa, idan ya juya harafi in daka masa tsawa. Sai da ta kai ko alli ya gani sai ya ɓuya a bayan kakarsa, kuma mun ɗauki kusan shekara biyu kafin ya daina tsoron littafi. Daga baya na fahimci yatsun yaro a wannan shekaru ba su gama ƙwari ba, kuma juya b ta koma d abu ne da yara da yawa ke yi har wajen shekara shida ko bakwai, balle namu da suke rubutu daga dama a makarantar allo, su koma daga hagu a ta boko. Ki bar shi ya yi zane a ƙasa da tsinke, ya ɓare gyaɗa, ya tsince wake, ya murza yumɓu. Duk wannan horon hannu ne.

Abin da ya fi komai, ki riƙa hira da shi kina cikin aikinki. Idan kina girki ki ambaci sunan kowane abu, ki tambaye shi tumatir nawa ne a faranti, in kin cire biyu saura nawa. Bayan isha'i ki ce "Ga ta nan, ga ta nanku", ki ba shi ta Gizo da Ƙoƙi, ki tsaya a tsakiya ki tambaye shi me yake ganin Gizo zai yi, washegari kuma ki sa shi ya maimaita wa babansa. Ku yi kacici-kacici irin su "Baba na ɗaka, gemu na waje". Wannan ba ya buƙatar ko dala, kuma kin fi kowace malama iya shi. Tunda na ambaci dala, kada ki fara koya masa ƙidaya da kuɗi, domin sefa ɗari da malama za ta nuna masa mu dala ashirin muke kiranta, kuma na ga yara da yawa sun rikice a nan. Ki fara da duwatsu ko murafen kwalba.

Game da bidiyon Faransanci a waya da kika ce maigida ya sauke masa, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada yaro mai shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana yana kallo. Idan zai kalla, wani ya zauna da shi yana tambayarsa abin da ya gani. Maigida kuma, tunda shi ya iya harshen, ya ware ɗan lokaci kullum ya buɗe littafi mai hotuna su riƙa faɗin sunayen abubuwa tare, cikin wasa, ba da bulala ba.

Abu ɗaya da ba ki tambaya ba: ki duba ko yaron yana da takardar haihuwa. Na ga yara masu ƙwazo sun kai CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, an hana su zana CEP, jarrabawar kammala firamare, saboda rashinta, iyaye suna ta zirga-zirga a kotu. Idan babu, ku fara nema tun yanzu. Allah ya raya mana shi.