Amsa ga mai tambaya kan ƙara wa laftof RAM fiye da adadin da kamfani ya rubuta

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce kana da Dell Latitude E6420 mai furosesa Core i5 wadda ka saya ta hannu, littafin kamfani ya ce iyakar RAM ɗinta, wato ma'adanar wucin gadi da na'ura take aiki da ita, 8GB ce, amma wani mai shago a Circle, cikin birnin Accra, ya tabbatar maka za ta ɗauki 16GB, wani kuma ya ce har 32GB za ta kai, shi ne kake neman sanin wa za ka yarda da shi kafin ka fitar da kuɗinka. Na daɗe ina buɗe irin waɗannan na'urori a nan unguwar Nima, kuma amsata ita ce mai maganar 16GB ya faɗi gaskiya, mai maganar 32GB kuwa bai san na'urar ba. Sai dai ina so ka fahimci dalili, domin wannan ba ita ce kwamfutar ƙarshe da za ka riƙe ba.

Adadin da kamfani yake rubutawa a littafi shi ne abin da ya gwada kuma ya yarda ya ɗauki alhakinsa a lokacin da ya fitar da na'urar. E6420 ta fito a 2011, lokacin da sandar RAM ta laftof mai 4GB ita ce babbar da aka saba gani a kasuwa, mai 8GB kuwa ba ta yaɗu ba kuma tsadarta ta wuce hankali. Na'urar tana da gurbi biyu, saboda haka aka rubuta 8GB aka wuce, kuma kamfanoni ba su cika komawa su sabunta takardun na'urar da suka daina sayarwa ba. Ba Dell kaɗai ba ne. ThinkPad T420 da X220 na Lenovo, da MacBook Pro na 2011, duk an rubuta musu 8GB, kuma duk suna aiki lafiya da 16GB. Na saka wa irinsu da hannuna, masu su suna amfani da su har yau.

Ainihin iyakar tana wurin sashen da yake sarrafa ma'adanar. A tsofaffin kwamfutoci wannan sashe yana cikin wani cif dabam a kan babban allon na'ura, amma AMD ta mayar da shi cikin furosesa tun 2003, Intel kuma ta bi sahu daga 2008. Ma'ana, a na'ura irin taka, furosesa ce take yanke hukuncin yawan RAM da irinsa. Idan taka Core i5-2520M ce, ta ƙarni na biyu a jerin furosesocin Core na Intel, wadda ita ce na fi gani a cikin E6420, shafin bayanai na Intel da kansa ya rubuta mata 16GB. Ka ga ke nan ba wata dabara ko kasada ba ce, kamfanin da ya ƙera furosesa ya san da hakan tun farko, kamfanin da ya harhaɗa laftof ne kawai bai rubuta ba.

A nan ne nake so ka nutsu, domin wannan shi ne wurin da mutane suka fi asarar kuɗi. Jimillar adadin ba ita kaɗai furosesa take dubawa ba, tana kuma duba girman kowace ƙwaya daga cikin baƙaƙen ƙwayoyin da suke jere a jikin sandar. Sandar DDR3, wato irin RAM ɗin da taka take amfani da shi, mai 8GB tana ɗauke da ƙwayoyi 16, takwas a kowace fuska, kowace ɗaya mai gigabit 4 (gigabit takwas ne suke yin GB ɗaya), kuma furosesar ƙarni na biyu irin taka ta san yadda za ta karanta su. Kafin ka sami 32GB a gurbi biyu kuwa, dole ka sami sanda mai 16GB guda biyu, su kuma ana yin su ne da ƙwayoyi masu gigabit 8, waɗanda furosesocin Intel na laftof ba su fara karɓa ba sai a ƙarni na biyar, irin na cikin ThinkPad X250 da T450s. Idan ka saka irin wannan sanda a E6420, fitila za ta kama, fanka za ta juya, amma fuskar kwamfutar za ta zauna baƙi ƙirin. Kada kuma ka ruɗu idan ka ga an rubuta 32GB ga wasu furosesoci na ƙarni na biyu ko na uku, domin ana cimma wannan adadi ne a manyan laftof masu gurbi huɗu, kowane gurbi da 8GB.

Wannan matsala ta girman ƙwaya tana cizon masu na'urorin da suka girmi taka fiye da kai. Laftof mai Core i5 na ƙarni na farko, kamar ThinkPad T410, iyakarta 8GB ce ta gaske, kuma ko sanda mai 4GB za a saya mata, wadda take da ƙwayoyi 16 ita ce abin nema, domin mai ƙwayoyi takwas kacal sau da yawa ba ta tashi a cikinta. Za ka ga an rubuta 2Rx8 (mai ƙwayoyi 16) ko 1Rx8 (mai ƙwayoyi takwas) a takardar da take manne a jikin sanda, kuma ga tsohuwar na'ura 2Rx8 ta fi aminci. An sha kawo mini laftof ana cewa babban allonta na ciki ya mutu, alhali sabuwar sandar da aka saka mata ce ba ta dace da ita ba. Akwai kuma na'urorin da iyakarsu ba ta motsi ko kaɗan: masu cif ɗin Intel 945 na wajen 2006, kamar ThinkPad T60, ko an cusa musu 4GB ba sa amfani da fiye da 3GB da 'yan kai, saboda layukan adireshin cif ɗin ba su wuce nan ba, kuma babu manhajar da za ta gyara wannan. Na faɗi haka ne don kada wani a cikinmu ya karanta amsata ya ɗauka cewa kowace laftof ana iya ninka mata abin da aka rubuta.

Abin da za ka nema shi ne sanda biyu masu 8GB, DDR3 ta laftof mai fil 204, wadda aka rubuta mata PC3-10600 ko PC3-12800. Idan ka sami ta biyun babu laifi, na'urar za ta sauko da gudunta zuwa 1333, gudun ta farkon, da kanta. Wadda aka rubuta PC3L, mai aiki da bolt 1.35, ita ma yawanci tana aiki a taka, domin an yi ta ne ta jure 1.5 ɗin da tsofaffin na'urori suke bayarwa. Akasin haka ne yake da matsala: laftof na ƙarni na huɗu suna buƙatar PC3L, kuma da yawansu ba sa tashi da PC3 zalla. DDR4 kuwa ba ta shiga gurbinka ma sam, fil ɗinta 260 ne kuma tsagarta ba a wuri ɗaya take ba, saboda haka duk wanda ya ce a matsa ta da ƙarfi, ka karɓe na'urarka daga hannunsa. Ni na fi son sandunan biyu su kasance na kamfani ɗaya kuma lamba ɗaya, ko da yake haɗa mabambanta yakan yi aiki.

Kafin ka je kasuwa, ka sabunta BIOS ɗin na'urar daga shafin Dell, tun tana kan tsohuwar RAM ɗinta; BIOS ita ce ƙaramar manhajar da take tayar da na'ura kafin Windows ya buɗe. Ka yi shi batir a cike kuma caja a jone, domin idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, gyaran da zai biyo baya ya fi kuɗin RAM ɗin nesa ba kusa ba, kuma ka san halin wutarmu. Sa'an nan ka duba irin Windows ɗin da kake da shi. Mai bit 32 ba ya wuce 4GB komai yawan abin da ka saka, kuma har yanzu ina cin karo da laftof na hannu da aka ɗora musu shi. Ko mai bit 64 ne, Windows 7 Home Basic yana tsayawa a 8GB, Home Premium a 16GB, Windows 10 Home kuwa yana kaiwa 128GB, wanda ya ishe ka har ya yi yawa. Wasu za su ce ka rubuta wani umarni na Windows mai suna wmic ka ga iyakar na'urar, amma adadin da yake nunawa daga abin da kamfani ya rubuta a cikin BIOS yake karanto shi, don haka ban ɗauke shi hujja ba. Manhajar CPU-Z ta fi amfani, domin za ta nuna maka lambar furosesarka da irin sandar da take cikin kowane gurbi ba tare da ka kwance ko da ƙusa ɗaya ba.

Ranar saye, ka ɗauki laftof ɗin ka tafi da ita Tip Toe Lane, layin masu sayar da kayan lantarki a Circle, ko duk shagon da ka yarda da shi, kada ka sayo a leda ka dawo gida kana fata. Ku yi magana tun farko cewa sai ta tashi za ka biya, kuma kana da damar mayarwa cikin 'yan kwanaki. A kashe na'urar, a cire caja da batir, a buɗe murfin ƙasa, a riƙe sandar ta gefe ba ta fil ɗinta ba. A lokacin hunturu musamman, da iska take bushewa, ka taɓa ƙarfe kafin ka taɓa ta. Da ta tashi ka danna F2 ka shiga BIOS ka ga ko ya nuna 16384MB. Amma tashi a shago ba shi ne ƙarshen gwaji ba, domin sanda mai lahani tana iya buɗe Windows lafiya, sai bayan na'ura ta ɗau zafi ta fara kashe kanta ko ta lalata maka fayil ba ka sani ba, kuma yawancin RAM ɗin DDR3 da yake yawo a kasuwa yanzu an ciro shi ne daga wasu na'urori. Idan ka koma gida ka ɗora MemTest86, manhajar gwada lafiyar RAM, a filas, ka bar shi ya kwana yana zagayawa. Kuskure ko guda ɗaya ya nuna, ka mayar da sandar, kada ka saurari cewa ƙaramin abu ne.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ya zama dole in faɗa, tun da kuɗi za ka kashe. Idan har yanzu na'urarka tana kan tsohon faifan ajiya (hard disk) mai juyawa, canza shi zuwa SSD, wato sabon irin ma'ajin da ba ya juyawa, zai fi canza maka saurinta fiye da tashi daga 8GB zuwa 16GB. Ka buɗe Task Manager, wurin da Windows yake nuna yawan RAM ɗin da ake ci, lokacin da kake cikin aikinka na yau da kullum, idan ka ga ma'adanar tana cika kusan baki, to ƙarin RAM zai taimake ka. Idan rabi kawai take ci, matsalarka a wani wuri take. Ka kuma tuna cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma furosesar ƙarni na biyu ba ta cikin jerin waɗanda Windows 11 ya amince da su. A ganina E6420 na'ura ce mai ƙarko da ta cancanci a saka mata 16GB idan farashin sandunan na hannu bai yi tsanani ba, musamman ga mai niyyar ɗora mata Linux a madadin Windows, amma idan kuɗin RAM da SSD ya kusa kai rabin kuɗin laftof ta ƙarni na takwas, gara ka tara ka sayi waccan.

Idan ka buɗe CPU-Z, ka turo mana hoton shafin da ya nuna furosesa da wanda aka rubuta SPD a samansa, da kuma hoton takardar jikin sandar da mai shagon yake son sayar maka, ta yadda lambobin za su fito sosai. Zan duba in gaya maka ko ta dace kafin ka biya, in sha Allahu.