Tambaya da amsa: Yaro ya zube a filin atisaye, an ce raki ne

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni malamin lissafi ne a wata ƙaramar sakandaren je-ka-ka-dawo a jihar Jigawa. Ba mu da malamin wasanni, sai firinsifal ya ɗora min horar da yaran ƙwallo saboda na taɓa bugawa a kwaleji. Yara 24 ne, ƙwallo 3, ɗaya ma tana sacewa, ga gasar makarantun shiyya saura mako 6. Akwai wani tsohon ɗan wasa a garin da ke taimaka min, shi ya kafa dokar ba a shan ruwa sai an tashi, wai ruwa yana sa ciki nauyi kuma yana kashe juriya. Ranar Talata wajen ƙarfe biyu da rabi na rana, a zagaye na 12, wani yaro ya fara tangaɗi, ya zube yana sambatu. Muka ja shi gindin darbejiya, aka yi masa fifita, aka zuba masa gulukos a baki, can ya dawo hayyacinsa. Mutumin ya ce raki ne, gobe ya dawo fili. Ni dai tun ranar ban yi barcin kirki ba. Yaya zan horar da su da wannan ɗan abin da ke hannuna? Kuma maganar ruwan nan gaskiya ce?

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Rashin barcin nan naka yana kan hanya. Abin da ka bayyana ba raki ba ne, kuma kada yaron nan ya sake taka fili sai likita ya gan shi. Zan zo kan wannan, amma bari in fara sallamar maganar kaya, don ita ce mai sauƙi.

Ƙwallo 3 ta ishi yara 24. Kai mai sacewar wurin mai faci, sannan ka raba filin gida uku, kowane gida huɗu da huɗu. A wasan mutum 11 da 11 yaro zai iya yin minti biyar bai taɓa ƙwallo ba, a huɗu da huɗu kuwa babu inda zai ɓuya: zai karɓa, ya bayar, ya tare, ya yi gudu, duk a lokaci guda. Minti huɗu ana bugawa, minti biyu ana hutawa, sau biyar ko shida, ka samu juriyar da kake nema ba tare da zagayen fili ba. Ledar fiya wata da aka cika da yashi ta maye maka gurbin alamomin roba. Tela ya ɗinka maka 'yan riguna 12 kala ɗaya da yadi mai araha. Ka ware minti goma sha biyar kullum ga bugun kwana da bugun tazara, domin a gasar makarantu ta nan ake yawan cin ƙwallo, ba ta wani salon da aka gani a gidan kallo ba. Ka buɗe atisaye da tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, minti 20 ne, ba ya bukatar kayan aiki, kuma binciken da aka yi a Norway aka buga a 2008 ya nuna yana rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Idan har an ba ka ɗan kuɗi, fara da kariyar ƙwauri da safar hannun gola kafin jesi. Sojan haya kuma, wato ƙattin gari da ake sa wa rigar makaranta ranar gasa, kada ka bari a fara maka.

To, ruwa.

Wannan magana ta "ruwa yana kashe juriya" na ji ta har na gaji. Kusan duk filin unguwa da na je sai na tarar da wani wanda ya taɓa bugawa shekara ashirin da suka wuce, usur a wuya, ya zauna a inuwa da lemonsa mai sanyi, yana hana 'ya'yan mutane ruwa. Hujjarsa guda ce: "Haka aka yi mana." Ai waɗanda suka rayu ne ke ba da labari. Jiki ba ya sabawa da ƙishirwa kamar yadda tsoka ke sabawa da gudu. Abin da jiki ke sabawa da shi zafi ne, a hankali, cikin kwana 10 zuwa 14, kuma wani ɓangare na sabon shi ne yaro ya fara zufa da wuri, ya kuma yi ta da yawa. Ma'ana ɗan wasan da ya horu ya fi sabon shiga bukatar ruwa.

Kai malamin lissafi ne, ga lissafi. Mai gudu a rana irin ta watan Afrilu a Jigawa, inda zafi kan kai digiri 40, yana iya zubar da zufa lita 1 zuwa 2 a sa'a guda. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Da zarar mutum ya rasa kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ta zufa, gudunsa da hankalinsa sun fara raguwa. Yaro mai kilo 55, kashi 2 ɗinsa kilo 1.1 ne, wato ledar fiya wata biyu da 'yan kai. Cikin kamar sa'a guda zai iya wuce nan. Jini ya ragu, zuciya na ƙara bugu don ta kai shi ga tsoka ta kuma kai shi fata a huce, har a kai inda ba za ta iya biyun ba. Daga nan zafin cikin jiki ya yi ta hawa. Idan ya haura digiri 40 kuma ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa, an shiga bugun zafi, wanda ke dafa hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa yana kuma kisa cikin sa'o'i. Tangaɗi da sambatun da ka gani alamun ƙwaƙwalwa ne. Wani yaron zagi zai kama yi, wani ya nemi dambe da koci, wani ya nufi ragar da ba tasa ba. A nan ne ake cewa rashin kunya ne, ko aljanu. Kuma kada a ce maka ai yana zufa don haka ba zafi ba ne. Ɗan wasan da zafi ya buge yana tsakar gudu sau da yawa jiƙe yake sharkaf.

Mutumin naka zai ce wannan tsoron 'yan boko ne. Faɗa masa labarin Korey Stringer, ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Minnesota Vikings, ƙato mai nauyin kusan kilo 150, ɗan shekara 27. Ya faɗi a sansanin atisaye, aka kai shi asibiti zafin jikinsa ya haura digiri 42, ya rasu ranar 1 ga Agusta, 2001. Ƙwararre ne da ake biya miliyoyin daloli, a ƙungiyar da ke da likitoci, a jihar da ta yi suna da sanyi. Yau akwai cibiya mai sunansa a Jami'ar Connecticut da ba ta da aiki sai hana irin wannan mutuwa, kuma a sakandaren Amurka an fito da ƙa'idar kwana 14 na sabawa da zafi a farkon kakar wasa tun 2009. A tamu ƙwallon kuma, ranar 29 ga Yuni, 2014, a Fortaleza ta Brazil, alƙalin wasa ya tsayar da wasan Kofin Duniya tsakanin Holan da Meziko aka ba da hutun minti uku don a sha ruwa a huce. Su Arjen Robben na Holan sun sha ruwa a tsakiyar wasa suka ci 2 da 1. Sai ɗan ajinka da wataƙila ko karin kumallo bai yi ba ne ruwa zai lalata?

Na san inda camfin ya samo asali. Yaron da aka bari da ƙishirwa sa'a biyu, in ya samu ruwa sai ya kafa kai ya shanye jarka, ya koma gudu cikinsa na ƙugi, haƙarƙari na suka. Sai a ce ka gani, ruwa ne. Hanin ne ya jawo haɗamar. A sha leda ɗaya kamar sa'a biyu kafin atisaye, sannan kowane minti 15 zuwa 20 ka busa usur a zo a yi kurɓa huɗu ko biyar, wanda ya ji ƙishi a tsakani kuma ya je ya sha ba sai ya nemi izini ba. Ba a ɗura wa kowa fiye da ƙishinsa, wannan ma illa ce. Jarka biyu daga wurin ɗan garuwa da randa a gindin darbejiyar nan sun wadatar. Koya musu duba fitsarinsu da safe: in ya yi duhu kamar shayi ba madara, da bashin ruwa suka kwana.

Gulukos ɗin da aka zuba masa a baki, Allah ne ya kiyaye. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a sa masa komai a baki, gari ko ruwa, don yana iya wucewa huhu. Kuma matsalarsa ba ƙarancin sukari ba ce. Farasitamol ma ba ya sauke irin wannan zafin, sai ma ya ƙara wa hanta nauyi. Ga wanda ya galabaita amma yana magana daidai, ruwan gishiri da sukari ya fi: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya. Lemon ƙarin kuzari na gwangwani da tiramol da wasu ke ba yara kafin wasa kuwa, duk wanda ka kama da su ka kore shi daga filinka, ko wane ne.

Idan ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, fara duba numfashi. In babu numfashi, zuciya ce: a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya ruga neman mota. Irin faɗuwar da ta ɗauke ɗan ƙwallon Najeriya Samuel Okwaraji a Legas ran 12 ga Agusta, 1989, da Marc-Vivien Foé na Kamaru a 2003, duka suna tsakar wasa, ta zuciya ce, kuma ba ta jira. In yana numfashi amma a rikice, jiki rau, to a fara sanyaya shi nan take kafin a ɗauke shi. Cire masa riga da takalmi, a shimfiɗa tamfol a inuwa, a kwantar da shi, mutum huɗu su ɗaga gefunan ya zama kamar kwarya, a juye ruwa mafi sanyi da ake da shi da ƙanƙara in akwai, ana girgiza tamfol ɗin, wani ya riƙe kansa a sama. Babu tamfol, a yi ta kwarara masa ruwa ana fifita, ana sauya jiƙaƙƙen zane a wuya da hammata da matsematsi. Abin da ake so zafin ya sauka ƙasa da digiri 39 cikin minti 30 na farko. Wanda aka yi wa haka kusan kullum yana tashi. Na taɓa karɓar yaro da aka goyo a babur tafiyar kusan sa'a guda cikin rana, da rigarsa da safarsa, an tsaya a hanya an yi masa tofi, ba wanda ya zuba masa ko moɗa ɗaya. Ya rayu, amma ƙodarsa ta sha wuya. Ban hana addu'a ba, a yi ta da baki, hannu na zuba ruwa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu fiye da Turawa. Kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya yana da jinotayif AS, wato ya gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensa, don haka a cikin yaranka 24 ka ɗauka akwai biyar ko shida. AS ba ciwon sikila ba ne kuma ba ya hana ƙwallo, amma gudu mai tsanani babu hutu, cikin zafi da ƙishirwa, na iya sa jininsu ya lanƙwashe ya toshe hanyoyin tsoka. Irin wannan yaron ƙafarsa ce ke mutuwa, ya sulale ƙasa yana magana, sai a ce ya cika son jiki. Saboda mace-macen haka ne hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta fara neman gwajin daga 2010. Zagaye 12 da tsakar rana ba ruwa tarko ne aka ɗana wa waɗannan yara. Haka wanda zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ta sake shi jiya, ba shi da abin yi a fili yau.

Ƙarfe biyu da rabi ma ka bar ta. Mayar da atisaye bayan la'asar, in ya so yara su je gida su ci abinci su dawo. Na san za a ce sai ka rubuto takarda, sai kwamiti ya zauna, alhali kuɗin wasanni da ake karɓa wurin iyaye ba ya jiran kwamiti. Rubuta takardar, ka ambaci abin da ya faru ranar Talata da kwanan wata, ka nemi jarka biyu da tamfol da sauyin lokaci, ka riƙe kofi, ka kuma karanta ta a taron iyaye da malamai. Za ka ga an sa hannu da wuri. Mai taimaka maka kuwa, ka kira shi gefe ka girmama shi, ka bar masa koyar da tare ƙwallo da bugun kai, amma usur da jarka su dawo hannunka. Idan ya ce sai dokarsa, ka yi masa godiya ya tafi, don ranar da aka rasa ɗan wani ƙofar gidanka za a zo.

Yaron kuma, ka je gidansu yau ka faɗa wa mahaifinsa ainihin abin da ya faru, ku kai shi babban asibiti ba kemis ba. A duba ƙoda da hanta, a saurari zuciya, a yi gwajin jinotayif, a tambayi ko wani a danginsu ya taɓa mutuwar fuju'a yana matashi. In fitsarinsa ya yi ja ko baƙi, ko tsokarsa na ciwo fiye da kima, kada ku kwana. Ko likita ya sallame shi, mako guda ba gudu, daga nan ya dawo kaɗan-kaɗan da sanyin yamma. Ka rubuto min abin da gwajin ya nuna.