Amsa ga Kawu kan renon 'ya'ya cikin bangaskiya a Ingila

Kawu, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyali da dukan 'yan'uwa a ikkilisiya. Saƙonku ya iso, kuma na ga damuwar da ke cikinsa. Kun ce labari ya riske ku cewa yaran da ake haifa a nan ba sa durƙusa wa manya, kuma uba bai isa ya ɗaga wa ɗansa hannu ba sai 'yan sanda sun zo masa gida, sannan kun tambaya yadda za a yi hakan ya faru a ƙasar da ta aiko mana da bishara. Shekarata 19 a Mancesta, kuma 'ya'yana uku duk a nan aka yanke musu cibiya, saboda haka zan amsa muku da abin da idona ya gani.

Ingilar da kuke riƙe da ita a zuciya, ta 'yan mishan su Likita Miller da suka zauna a Zariya, suka koma Wusasa a 1929, har Littafi Mai Tsarki ya fito cikin Hausa a 1932, ba ita muka tarar ba. A ƙidayar 2021, mutum 46 cikin ɗari ne a Ingila da Wels suka ce su Kirista ne, alhali shekara goma kafin nan 59 ne, kuma 37 cikin ɗari sun ce ba su da addini ko kaɗan. Da idona na ga tsofaffin majami'u da aka mayar gidajen haya da wuraren cin abinci. Gaskiya ne tun 1944 doka ta wajabta sujadar haɗin gwiwa kowace rana a makarantun gwamnati, kuma Cocin Ingila tana da makarantu fiye da 4,000, har nawa yaran a ɗayansu suka fara, amma wannan bai kai ya ɗauke wa iyaye kaya ba. A gida muna cewa ɗa na kowa ne, kuma haka abin yake: malamin makarantar Lahadi ya tsawata, shugaban birged, wato ƙungiyar horon yara ta coci, ya hora, matan zumunta su sa ido, maƙwabci ya kawo ƙara kafin yaro ya iso gida. A nan da zarar an rufe ƙofa, daga ni sai uwarsu. A watan Disamba ma kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, kowa ya shige ɗakinsa da wayarsa.

Shi ya sa muka mai da teburin abincin dare ya zama makarantarmu. Bayan an ci, ɗaya daga cikin yaran ya karanta ayoyi cikin Hausa, ko da yana tuntuɓe, sai mu tattauna da duk harshen da ya zo bakinsu, mu rera waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, kowa ya yi wa wani addu'a da suna. Ran Lahadi muna sujada a majami'ar unguwa da Turanci, inda ake gamawa cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, abin da har yau bai daina ba ni mamaki ba. Sau ɗaya a wata kuma mukan haɗu a gidan ɗayanmu tare da 'yan'uwa daga Filato da Kudancin Kaduna da Gombe da Adamawa, waɗanda Hausa ce harshen sujadarsu ko da ba ita suka sha a nono ba. Mata su fito da tulu da caki, yara su ga cewa akwai wasu gidaje da ke yin abin da gidansu ke yi.

Batun bulala kuwa, an ƙara masa gishiri kafin ya iso gare ku, amma yana da tushe. Sikotlan ta haramta dukan yaro gaba ɗaya a 2020, Wels ta bi sahu a 2022. A Ingila doka ta bar wa iyaye ɗan horo mai sauƙi, amma idan ya bar tabo a jiki ya zama laifi, kuma malaman makaranta suna da nauyin kai rahoto. Da farko na ɗauki wannan a matsayin ɗaure wa uba hannu. Daga baya na lura cewa mun haddace Karin Magana 13:24 da ke maganar sanda, amma ba safai muke tsayawa kan Afisawa 6:4 ba, inda aka gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu har su yi fushi. Yaron nan tun yana ƙarami ake koya masa tambayar dalili, kuma uban da ba shi da sanda dole ya nemo amsa, ya kuma tabbata halinsa bai ƙaryata amsar ba. A ganina wannan ya fi yin bulala wuya nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi girgiza ni, Kawu, kunyar ɗan fari ce. Kun san yadda muka tashi: ban taɓa jin Baba ya kira sunan yayanmu ba har ya koma ga Ubangiji, kuma ba wanda ya ɗauki hakan ƙiyayya, domin duk gari ya san ma'anarsa. Ni ma haka na yi da 'yata ta fari. "Ke" nake ce mata, ko in aika ƙannenta su kira ta, ba na ɗaukarta a gaban mutane, idan baƙo ya yaba mata sai in kawar da kai in kawo wata magana. Tana da shekara tara, wata rana da dare uwarta na yi mata kitso, sai ta tambaya a hankali ko ta yi mini wani laifi ne tun tana jaririya, tunda ina kiran ƙannenta da sunansu, ita kaɗai ce ba ta da suna a bakina. Ina bayan ƙofa ina goge takalmi na ji. Na yi kwanaki ina juya maganar, har na tsaya kan Matiyu sura 3, inda Uba ya yi magana daga sama a bakin Kogin Urdun, a gaban taron jama'a, ya kira Ɗansa ƙaunatacce. Sai na gane cewa abin da nake ɗauka kamun kai na Kirista al'ada ce ta Hausa, mai kyau a inda ake fahimtarta, amma a nan ba wanda zai fassara wa yarinyar. Ranar da na kira ta da sunanta, na kuma roƙe ta gafara, bakina ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse. Na san wannan ba zai yi muku daɗin ji ba, uba yana neman gafarar 'yar cikinsa, amma kowane dare muna roƙon a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, kuma yaran suna kallon ko da gaske muke.

Ba duk al'ada muka ajiye ba. Yarana suna russunawa su gai da babba, ba sa miƙa abu da hagu, ba sa kiran sa'an ubansu da suna ko da shi ya ce su yi hakan. Baƙo ba ya barin gidanmu bai ci ba, kuma maƙwabtanmu Hausawa Musulmi suna aiko mana da naman layya, mu ma yaran ne ke kai musu shinkafar Kirsimeti. Inda muka gaza shi ne harshe: suna ji sarai, amma ƙaramin da Turanci yake mayar da amsa, kuma babbar ta fara tambayoyi kan aure da baftisma waɗanda wani lokaci sai na nemi fastonmu kafin in amsa.

In Allah ya yarda za mu zo bikin Kirsimeti, ku gan su da idonku, ku kuma yi musu tambayoyin da kuka yi mini. Roƙona shi ne ku sa a nemo mana Littafin Waƙoƙi guda uku kafin nan, domin namu ya yayyage, har shafukan farko sun ɓace.