Amsa ga ɗan'uwan da inji ya ji wa ciwo a wurin aiki

Sannu Malam, Allah ya ba ka lafiya. Ka ce inji ya datse maka yatsu biyu, shugaban sashenku kuma ya ce ka yi shiru za su biya kuɗin asibiti. Ni dai ban ba ka shawarar yin shiru ba.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba ka kwana 14 ka sanar da mai kamfani, shi kuma cikin kwana 7 ya kai rahoto hukumar NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta Najeriya mai biyan diyyar. Kada ka tsaya ga faɗa da baki. Rubuta ranar, lokacin, wurin da yadda abin ya faru, ka sa su sa hannu a kwafinka, ka ajiye takardun likita da hoton injin. Alƙawarin baki, ranar da aka canza manaja ya tafi da shi.

Diyyar ba alfarma ba ce, kamfani ne ke zuba wa NSITF kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa saboda irin wannan rana. Ka nema kafin shekara ta cika da faruwar abin. Idan injin ba shi da murfin kariya, rubuta wannan ma, don abokan aikinka suna nan kansa.