Injin wanke kwanukana ya daina jan ruwa, mai gyara ya ce fanel ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Dan Allah ina da injin wanke kwanuka ɗan Kwatano, tsoho ne gaskiya don ko lokacin da maigidan ya siyo shi ya sha jiki, amma yana mana aiki lafiya lau har kwanan nan. Da farko sai na ga kwanukan sama basa fita, in na buɗe ana cikin wanki ruwan ɗan kaɗan ne a ƙasa, wata rana ya yi wata rana ya ƙi, yanzu kuma kwata-kwata baya jan ruwa, in na kunna zai yi ƙara kamar zai fara sai ya yi ta wani gunji a hankali sannan ya tsaya. Ruwan bohol muke amfani da shi daga tankin sama. Mun kira mai gyara ko baya bai leƙa ba ya ce fanel ne ya ƙone sai an canza, kuɗin da ya faɗa kuma wallahi ya kusa rabin kuɗin injin. In canza ko in haƙura da shi? Daga wata uwargida a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki ba da kuɗin fanel ɗin nan tukuna, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin. Injin da yake kunnuwa, yake zuƙe tsohon ruwa, yake gunji yana jiran sabo, fanel ɗinsa na ba da umarni kenan, kuma fanel idan ya ƙone ba ya yin yau lafiya gobe ciwo na tsawon makonni yana rage ruwa a hankali. Abin da kika siffanta ya fi kama da ruwan ne baya isowa da ƙarfi, ko kuma hanyarsa ta toshe. Kuma duk wanda ya yanke hukunci bai kwance tiyon baya ya gani ba, gaskiya bai yi aikinsa ba.

Ƙarar farko da kike ji ba ta jan ruwa ba ce, famfon fitar da ruwa ne, yawancin injinan Turai da shi suke farawa na kamar minti ɗaya don su kwashe abin da ya kwana a ciki. Bayan ya yi shiru ne ake tura wuta zuwa bawul ɗin shigar ruwa, wannan gunjin na hankali shi ne. Toh abin da mutane da yawa basu sani ba, injin nan baya zuƙo ruwa da kansa, ba shi da famfon janyowa, ƙofa kawai yake buɗewa ya jira ruwa ya turo kansa. Shi kansa bawul ɗin akwai wata 'yar roba a cikinsa da ƙarfin ruwan ne yake taimakawa ya ɗaga ta, in ruwan ya zo ba ƙarfi sai ta buɗe rabi ko ta ƙi gaba ɗaya, injin ya jira na wasu mintuna ya gaji ya tsaya.

A nan ne gidajenmu suke shan wahala. Waɗanda suka ƙera shi sun yi shi ne don ruwan famfon gari mai matsi, littafin da ke zuwa da injinan Bosch da Siemens misali yana cewa ana buƙatar matsin da bai gaza rabin bar ɗaya ba (bar shi ne ma'aunin matsin ruwa), wato 0.5, da kuma lita 10 a minti ɗaya. Mu kuma tanki muke ɗorawa a kan ƙarfe. Lissafin mai sauƙi ne, duk tsayin mita 10 na ruwa yana ba da matsin bar 1, kinga rabi kenan sai mita 5 daga saman ruwan da ke cikin tanki zuwa inda tiyon yake shiga injin. Tankin da ke kan ƙarfe mai mita 3 ko 4, in an cika shi maƙil da safe yana iya kaiwa, in ruwan ya sauka da yamma shikenan ya gaza. Wannan shi ne wata rana ya yi wata rana ya ƙi da kika faɗa, ki tuna ko ranakun da yake yi ranakun da aka yi famfin ne. Ga kuma siririn bututu da lanƙwasa-lanƙwasa da fulamba ya yi kafin ya kai kicin, kowanne yana cin nasa rabon.

Saboda haka gwajin farko na bokiti ne, ko sisi ba za ki kashe ba. Ki zare filogin daga soket, ba kashe makunni kawai ba, ki zare shi. Ki rufe ɗan famfon da ke ba injin ruwa, yawanci yana ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ki kwance tiyon daga jikinsa, da hannu ma yana kwancuwa, sannan ki tara bokiti ki buɗe famfon har ƙarshe kina kallon agogon waya. Bokitin fenti babba mai lita 20 ya kamata ya cika cikin minti 2. In ya ɗauki 4 ko 5, kin samo ɓarawon. Ki kuma lura da famfon kansa, waɗannan ƙananan da ba a taɓa murɗa su sai shekara-shekara suna cushewa da tsatsa daga ciki, wani lokacin ma yaro ne ko mai aiki ta ture shi da bokitin shara ya rufu rabi ba wanda ya sani.

Tunda tiyon na hannunki, ki leƙa bakinsa. Akwai wata 'yar rariya ƙarama ta roba ko ta waya a ciki, wasu injinan suna da ta biyu a inda tiyon yake haɗuwa da jikin injin ta baya. Ruwan bohol yana zuwa da yashi mai laushi da laka, musamman in tankin ya kusa ƙarewa ya zuƙo na ƙasa, ko an wanke tanki kwanan nan, ko damina ta dama rijiyar, duk a wannan 'yar rariyar suke taruwa, kuma tana toshewa ne sannu a hankali daidai yadda kika ce ruwan ya dinga raguwa. Ki jawo ta da filaya mai siririn baki a hankali kar ta yage, ki wanke da tsohon buroshin haƙori, in akwai farin abu da ya daskare a jiki ki jiƙa ta a ruwan binega ko na lemon tsami na awa ɗaya. Abin da nake roƙonki kar ki yi, kuma ina ganin masu gyara na yinsa, shi ne a cire rariyar a yar wai don ruwa ya ƙaru. Ranar zai yi aiki kam, amma yashin zai wuce cikin bawul ya hana shi rufuwa, wataran ki tashi da asuba ki tarar kicin ya zama tafki. Ki duba tiyon ma tsawonsa ko ya lanƙwashe a baya lokacin da aka tura injin jikin bango.

In tiyonki irin mai kauri ne da wani ɗan akwati a bakinsa wajen famfo, wanda ake kira AquaStop, ki yi hattara, a yawancinsu bawul ɗin yana cikin wannan akwatin ne kuma akwai wayar wuta da ta bi ta cikin tiyon. Ba a yanka shi, ba a tsoma akwatin a ruwa. Wasu kuma marasa waya suna da ɗan tagar gani da ke komawa ja in tiyon ciki ya fashe, in kin ga ja sai dai sabo.

Akwai wani abu daban da ke hana jan ruwa, kuma alamarsa a fili take: in famfon fitar da ruwa ya ƙi yin shiru, yana ta aiki ko da kin buɗe ƙofa, sai kin zare filogi. A can ƙasan injin, ƙarƙashin inda kike gani, akwai faranti, a cikinsa akwai guntun farin soson nan mara nauyi da makunni a samansa. In ruwa ya ɗiga ya taru a farantin sai soson ya taso ya danna makunnin, injin ya ɗauka ambaliya ake yi ya kulle hanyar shigar ruwa. A injinan Bosch masu allon lamba E15 yake nunawa. Ana zare wuta a jawo shi a karkata shi baya kamar rabin kwanciya ruwan ya zube, a bar shi ya bushe, zai tashi, amma sai an nemo inda yake yoyon in ba haka ba zai dawo. Sau da yawa ma ba yoyo ba ne, kumfa ce, an ƙare sabulun injin an zuba na wanke-wanken hannu ko omo, kumfar ta yi ambaliya ta gangara ƙasa. Sabulun hannu ba ya shiga injin nan ko ɗigo. Ki kuma tabbatar ƙofar na rufuwa da ƙas ɗin nan, don in maƙallin ya sassauta injin ba zai saki ruwa ba.

In bokiti ya cika a kan lokaci, rariya fes, ƙasa a bushe, toh yanzu ne aikin mai gyara, kuma ki tsaya a kansa. Ya sa mita ya auna kwayil ɗin bawul, wato naɗin wayar da ke buɗe shi, wuta a zare, na injin mai wutar volt 220 yawanci yana nuna 'yan dubban om, in bai nuna komai ba ya yanke, bawul za a canza, kayan da bai kai kusa da kuɗin fanel ba. Ya bi wayoyin da ido, ɓera da kyankyasai na son ɗumin ƙasan injin nan, kuma wayoyin da suka bi ta gindin ƙofa suna karyewa saboda buɗewa da rufewa na shekaru. Ya auna wutar gidan ma, in ta yi ƙasa sosai kwayil sai ya yi ta gunji ba ƙarfin ɗagawa, ki gwada shi lokacin da wuta ta cika ko a kan janareta mai ƙarfi ki ga. Wasu tsofaffin kuma akwai wani faffaɗan akwatin roba a gefen hagu da ruwa ke bi ta ciki, da ɗan bututu a ƙasansa da maiƙo ke cushewa, wankewa kawai yake so. Sai duk wannan ya wuce, aka ga lokacin jan ruwa ya yi amma wuta bata zuwa bawul, sannan a fara maganar fanel.

In kuwa matsin ne, maganinsa ƙaramin famfon ƙara ƙarfi, busta, irin mai tashi da kansa in an buɗe ruwa, a sa shi a layin kicin, a kuma sa matatar yashi kafinsa wadda za ki dinga buɗewa kina wankewa. Kafin nan ki dinga kunna injin bayan an cika tanki, kuma ki daina barinsa yana gunji ba ruwa, hita da robar famfon wanki basa son aiki a bushe.

TAMBAYA: Salam Injiniya. Nawa daga Amurka ƙanina ya turo, da taransifoma nake haɗa shi, shi ma ruwan da yake ja bai taka kara ya karya ba. Zan iya dinga zuba masa da bokiti? Daga wani magidanci a Kano.

AMSA: Wa alaikas salam Malam. Don gwaji za ka iya, ka bari ya gama zuƙewar farko ka buɗe ka zuba kamar lita 4, in ya kama wanki da ƙarfi ka san motar da ke juya injin da famfonsa lafiya suke, matsalar a shigar ruwa take. Amma ba hanyar zama ba ce, don a wanki ɗaya yana zubarwa ya sake ja sau da yawa, sai dai ka kwana a gabansa. Na Amurka sun fi na Turai son matsi, littattafansu na neman akalla abin da ya kai bar 1.4, wato tanki mai tsayin kusan mita 14, kaga a gida mara bene ba busta ba magana. Sannan an yi su ne a haɗa su da bututun ruwan zafi mai kusan digiri 49, in ruwan sanyi kake ba shi maiƙo ba zai fita yadda ya kamata ba ko da ya cika. Ka cire kwandon ƙasa ka duba kusurwar gaba, za ka ga wata 'yar hula ta roba, ita ce ke tasowa in ruwa ya kai ta ce ya isa. Ka ɗaga ta ka saki, ya kamata ta sauka da kanta ka ji ɗan ƙas a ƙasa, in cokali ko ƙashi ko daskararren maiƙo ya tokare ta a sama injin zai ɗauka a cike yake. Taransifomar ma ka duba lambar jikinta, injinan nan na jan wat 1200 zuwa 1500 in hita ta kama, ƙarama ba za ta riƙe ba, ka nemi mai 2000 ko sama.